Babi na Shida: Kaya Suna Tafiya, Mai Hannun Jari Yana Kuka

Idan gaskiya ne kullum duniya ƙara tara bayanai take yi, hotuna da bidiyo da saƙonni da lissafin bankuna, ta yaya mutumin da ya zuba kuɗinsa a kamfanin da ke ƙera kayan adana su zai tashi da asara? Tambaya ce da ke zuwa bakin duk wanda ya fara leƙa kasuwar hannun jari, kuma tana da ma'ana. Wanda wayarsa ta taɓa cika har sai da ya goge hotunan biki kafin ya ɗauki sabo ba ya buƙatar masani ya gaya masa cewa wurin ajiya abin nema ne. To in mutum ɗaya haka, ina ga bankin da ke da abokan hulɗa miliyoyi, ko kamfanin waya da ke rubuta kowane kira da aka yi?

Da irin wannan lissafi dubban mutane a Amurka suka sayi hannun jarin wasu kamfanoni tsakanin 1998 da 2000. Hasashensu cewa buƙata za ta ƙaru bai faɗi ƙasa ba. Duk da haka kuɗin da yawansu ya narke, wasu cikin shekara biyu, wasu kuwa cikin minti 16 na wata safiyar Juma'a. Kafin mu kai ga wannan safiya, sai mun san hajar da ake ciniki a kanta.

Me suke sayarwa?

Kowane babban kamfani yana da manyan kwamfutoci da ke aiki dare da rana a wani ɗaki mai sanyi, su ne ke amsa wa ma'aikata da abokan ciniki. Irin wannan kwamfuta ake kira uwar garke. Har zuwa tsakiyar shekarun 1990, kowace uwar garke da nata faifan ajiya, a cikinta ko a gefenta, an haɗa su da wata waya mai kauri da ake kira SCSI. Tsawon wayar ba ya wuce mita 25, na'urorin da za a jera mata kuma ba sa wuce 15.

Ka ɗauka 'yan kasuwa ne 20 a layi ɗaya, kowa da ɗan sitonsa a bayan shago. Na wannan ya cika har kaya suna kwana a waje, na maƙwabcinsa rabi wofi ne, amma babu ƙofa a tsakaninsu. Kowane sito da maigadinsa da makullinsa, in kuma gobara ta tashi a shago sai ta haɗa da siton. Sai wani ya kawo shawara a gina babban sito guda, a shimfiɗa masa hanya tasa daban wadda masu saye ba sa bi, a yanka wa kowane ɗan kasuwa gwargwadon buƙatarsa, in ta ƙaru a ƙara masa. Haka injiniyoyi suka yi wa bayanai. Suka tattara faya-fayan a manyan akwatuna, suka ja musu layin sadarwa na musamman da zaren gilashi mai ɗaukar haske, tsarin da aka sa wa suna Fibre Channel. An amince da ƙa'idojinsa a 1994, kuma yana iya kai bayanai nisan kilomita 10, abin da ya ba banki damar ajiye kwafin lissafinsa a wani gini can nesa da hedikwata.

Kamfanoni suka raba aikin. EMC, da ke kusa da birnin Boston, shi ne sarkin manyan akwatunan. Brocade, da aka kafa a 1995 a Kalifoniya, yana ƙera na'urar mahaɗa, wadda duk wayoyin ke taruwa a cikinta tana raba wa kowane saƙo hanya. Emulex da QLogic kuma suna yin wani kati da bai fi tafin hannu biyu ba, wanda ake sokawa a cikin uwar garke don ta iya magana da layin. Ƙaramin abu ne a ido, amma in babu shi babu shiga siton.

Hujjar masu saye

Mutanen da suka sayi hannun jarin nan ba wawaye ba ne, kuma ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin wanda ya ɗauka wauta ce kaɗai ke kai mutum ga asara, shi ma yana kan hanya. Suna da hujja. A shekarar 2000 wasu malamai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Peter Lyman da Hal Varian, sun ƙiyasta cewa duniya tana samar da sababbin bayanai tsakanin gigabayit biliyan 1 da biliyan 2 a shekara. Da suka sake lissafi a 2003, sai suka samu na shekarar 2002 ya kai kusan biliyan 5. Cinikin Brocade ya tashi daga kimanin dala miliyan 69 a shekarar kuɗi ta 1999 zuwa miliyan 329 a ta 2000. Hannun jarin EMC shi ne wanda ya fi kowane hauhawa a babbar kasuwar Niyok cikin shekarun 1990 gaba ɗaya.

Akwai wata magana da masu zuba jari ke yawan yi a lokacin. Suna cewa sa'ad da aka yi rububin zinariya a Kalifoniya a 1849, galibin mahaƙa sun koma gida hannu rabbana, masu sayar da diga da shebur ne suka yi arziki. Saboda haka ba sai ka san wane shagon intanet ne zai rayu ba, tunda ko wane ne ya rayu, dole ya ajiye bayanai. Magana ce mai shiga kunne, kuma rabinta gaskiya ne. Abin da ta manta shi ne, in mahaƙa da kuɗin aro suke sayen shebur, ranar da aron ya yanke cinikin shebur ma ya yanke.

A tsakiyar waɗannan alkaluma na gaskiya kuma akwai wani na bogi da ya fi su duka yawo. Ana ta maimaita cewa zirga-zirgar bayanai a intanet tana ninkuwa duk kwana 100. Maganar ta samo asali daga ɓangaren kamfanin sadarwa na WorldCom, ta shiga wani rahoto na ma'aikatar kasuwanci ta Amurka a 1998, daga nan kowa ya ɗauka tabbas ce. Wani masanin lissafi da ke aiki a sashen bincike na AT&T, Andrew Odlyzko, ya bi diddigi ya nuna cewa ninkuwar kusan sau ɗaya ce a shekara. Ninkuwa a shekara ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai abin da ke ninkuwa duk kwana 100 ya haura ninki 10 a shekara, kuma a kan wannan ninki 10 ɗin aka gina farashi, aka ci bashi, aka yi odar kaya.

Hirar bakin kasuwa

Wanda ya saurari hirar masu riƙe da waɗannan hannayen jari a wancan zamani zai ji abubuwa iri ɗaya suna juyawa. Yau a ce kamfanin Cisco na shirin sayen Brocade. Gobe a ce IBM zai bar katin Emulex ya koma na QLogic, ko akasin haka. Jibi a ce wani sabon tsari mai suna iSCSI, da ke bi ta wayar Ethernet mai araha wadda kowane ofis ke da ita, zai binne Fibre Channel cikin shekara biyu. Kullum akwai wanda ƙanin matarsa ke aiki a wani kamfanin da ke sayen kayan, ya ce an ƙara oda, ko an rage. Ga kuma abin da suke kira lambar raɗa: kamfani ya faɗi ribar da yake sa ran samu a wata uku, manazarta su faɗi tasu, sannan a bayan fage a riƙa yaɗa wata da ta fi duka biyun. In kamfani ya cika alkawarinsa amma bai kai lambar raɗa ba, sai farashi ya faɗi kamar ya yi laifi.

Akwai dalilin da ya sa ƙishin-ƙishin ke tasiri a wannan fanni fiye da wasu. Emulex da Brocade ba sa sayar wa jama'a kaya kai tsaye. 'Yan tsirarun manyan kamfanoni ne, irin su IBM da Compaq da EMC da Hewlett-Packard, ke saye su haɗa da nasu su sayar. In ɗaya daga cikinsu ya juya baya, wani babban yanki na cinikin ya tafi a dare ɗaya. Ga shi mai ƙaramin jari ba shi da hanyar leƙawa ya gani da idonsa. Wanda ya sayi hannun jarin kamfanin lemo yana iya duba ko mutane suna sha. Wanda ya sayi na mai ƙera katin da ke kulle a ɗakin kwamfutar banki, sai dai abin da aka gaya masa. Har zuwa Oktoban 2000, lokacin da hukumar sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka, SEC, ta kafa dokar hana fifiko wajen ba da bayani, shugabannin kamfanoni sukan tsegunta wa manyan manazarta abin da ƙananan masu jari ba su ji ba. Don haka ƙaramin mai jari ya saba da tunanin cewa wasu sun riga shi sani, kuma in ya ga farashi ya motsa sai ya ce ruwa ba ya tsami banza.

An riga an ga alamar inda wannan hali zai kai. A Afrilun 1999 wani ma'aikacin kamfanin PairGain ya ƙirƙiri shafi mai kama da na kafar labarai ta Bloomberg, yana cewa wani kamfanin Isra'ila zai sayi kamfaninsu. Farashi ya tashi da kusan kashi 30 cikin 100 kafin a gano ƙarya ce.

Minti 16

Mark Jakob saurayi ne ɗan shekara 23, ɗalibi a kwalejin El Camino da ke kudancin Kalifoniya, kuma ya yi aiki a wani ƙaramin kamfani mai suna Internet Wire da ke rarraba sanarwar kamfanoni ga manema labarai. A ranakun 17 da 18 ga Agustan 2000 ya yi cacar cewa farashin Emulex zai sauka. Yadda ake yin wannan shi ne ka ari hannun jari daga dillali ka sayar yau, da niyyar in farashi ya faɗi ka saya da araha ka mayar, bambancin ya zama naka. Galibin malaman da ke nazarin hada-hadar kuɗi a Musulunci ba su halatta irin wannan ciniki ba, tunda sayar da abin da ba ka mallaka ba ne, amma a kasuwar Amurka halal ne a doka. Hatsarinsa shi ne in farashi ya hau, asararka ba ta da iyaka. Jakob ya ari hannu 3,000 ya sayar a kan kusan dala 80 kowanne. Cikin mako guda farashi ya haura dala 113, asarar da ke jiransa ta kai kusan dala 97,000.

Daren Alhamis ya zauna a gaban wata kwamfuta a ɗakin karatu na kwalejin, ya rubuta sanarwa da sunan Emulex, ya aika wa tsohon wurin aikinsa. Ya san yaren gidan, ya san kalmomin da za su sa ma'aikatan dare su ɗauka an riga an tantance. Sanarwar ta ƙunshi abubuwa uku, kowanne ya isa ya tayar da hankali shi kaɗai: shugaban kamfanin, Paul Folino, ya ajiye aiki, hukumar SEC tana binciken lissafin kamfanin, ribar da aka bayyana ta wata ukun da suka wuce za a gyara ta, ta koma asara.

Ƙarfe 9:30 na safiyar Juma'a 25 ga Agusta agogon Niyok, daidai lokacin buɗe kasuwa, sanarwar ta fita. A Costa Mesa, inda hedikwatar Emulex take, ƙarfe 6:30 ne na safe, ofis bai cika ba, babu wanda zai ɗaga waya ya ƙaryata. Da farko abin ya tafi a hankali. Wajen ƙarfe 10:13 Bloomberg ta ɗauki kanun labarin, wasu manyan kafafe suka biyo baya. Cikin minti 16 aka yi cinikin hannu miliyan 2.3, farashi ya rikito daga kusan dala 104 zuwa 43, darajar kamfanin ta ragu da dala biliyan 2.2. QLogic, wanda ba a ambaci sunansa a sanarwar ba, shi ma ya sha ƙasa. Kasuwar Nasdaq ta dakatar da cinikin, Folino ya fito a talabijin ya ce yana nan a kujerarsa, babu bincike, babu gyaran lissafi. Da aka sake buɗewa da rana farashi ya koma, aka tashi a kan dala 105.75.

Wanda ya duba farashin jiya da na yau kaɗai zai ce ba abin da ya faru. Amma wanda ya sayar a kan 50 ya sayar, ba a mayar masa da komai a ranar ba. Wasu ma ba su san sun sayar ba. Sun bar wa dillali umarni tun da daɗewa cewa in farashi ya sauka zuwa kaza a sayar don taƙaita asara, sai na'ura ta cika umarnin a kan duk farashin da ta samu. Wasu da bashin dillali suka sayi hannun jarin, da darajarsa ta faɗi sai sayarwa ta zama musu dole. Kowace sayarwa kuma tana ƙara tura farashin ƙasa, ta taɓo umarnin na gaba. An ƙiyasta asarar masu jari a kan dala miliyan 110.

Shi kuwa Jakob, ya sayi hannun da ake bin sa da araha ya mayar, sannan ya ƙara sayen 3,500 tun farashi yana ƙasa, ya sayar bayan kwana uku. Ribarsa duka ta ɗan haura dala 240,000. Kafin mako ya cika jami'an FBI sun bi sawun saƙon har kwamfutar ɗakin karatun sun kama shi, a 2001 kuma aka yanke masa ɗaurin wata 44.

Me ya sa ƙaryar ta kama?

An zargi Internet Wire da rashin tantancewa, an zargi kafafen labarai da gaggawar riga juna, kuma duk sun cancanci zargin. Akwai alamun da mai natsuwa zai gani. Emulex ba ta wannan kafa ya saba fitar da sanarwarsa ba. Labari mai nauyi irin wannan, kamfanoni sukan sanar da kasuwa tukuna a dakatar da ciniki, ko su jira a tashi. Kiran waya ɗaya da an yi haƙurin jiran amsarsa da ya kashe maganar.

Amma a ganina wannan bai isa bayani ba. Da a ce irin wannan sanarwa aka yi a kan kamfanin siminti ko na sabulu, wanda farashinsa ya yi daidai da abin da yake samu, da wuya ya zubar da kashi 60 cikin 100 a ƙasa da rabin awa. Cinikin Emulex na shekara gaba ɗaya bai wuce kimanin dala miliyan 140 ba, amma kasuwa ta yi masa kuɗi kusan dala biliyan 4. Wato mai saye yana biyan kusan dala 29 a kan kowace dala 1 ta ciniki, kuma ciniki ake magana, ba riba ba. Na Brocade ya fi haka: darajarsa ta haura dala biliyan 20 a kan cinikin miliyan 329, fiye da ninki 60. Irin wannan farashi ba abin da ke hannu yake saye ba. Yana sayen shekaru 10 masu zuwa ne, da sharaɗin komai zai tafi daidai, kuma alkaluman da kamfani ke bayarwa gaskiya ne. In aka taɓa wannan sharaɗi na ƙarshe, babu wani abu a ƙasa da zai tare faɗuwar.

Ga shi kuma mutane sun ga irinta da idonsu wata biyar kafin nan. A ranar 20 ga Maris 2000 kamfanin manhaja na MicroStrategy ya sanar da cewa zai gyara lissafinsa na baya, wannan kuwa gaskiya ne, farashinsa ya faɗi da kusan kashi 62 cikin 100 a wuni ɗaya. Wanda ya tsaya jiran tabbaci a ranar ya ƙone. Saboda haka da labarin Emulex ya fito, masu gudu suna gudun abin da suka taɓa gani ne. Jakob bai ƙirƙiri tsoron ba, ya tarar da shi a kwance, ya san inda zai taɓa.

Labarin gaskiya ya fi ciwo

Wata shida bayan nan, a Fabrairun 2001, Emulex da kansa ya sanar da cewa wasu manyan abokan cinikinsa suna ɗage odarsu. A wuni ɗaya hannun jarinsa ya zubar da kusan rabin darajarsa, ya ja Brocade da QLogic da sauran 'yan layin. Wannan karon babu wanda zai fito talabijin ya ƙaryata.

Abubuwa da dama ne suka haɗu. Kamfanoni sun riga sun kashe kuɗin shekaru cikin 1998 da 1999 wajen sauya kwamfutoci saboda tsoron matsalar shiga shekarar 2000, don haka ba su da buƙatar sabo nan kusa. Shagunan intanet da aka kafa da kuɗin masu jari sun fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, kayan da suka saya bara, wasu ko kwali ba a buɗe ba, suka fito gwanjo da araha suna gogayya da sababbi. Sannan lokacin da kaya ke wuyar samu, masu saye sukan yi oda a wuri biyu ko uku don ko ɗaya ya samu. Mai ƙerawa ya ga oda uku ya ɗauka mutum uku ne. Da kaya suka wadata sai aka soke biyu. Cisco, wanda ake yaba wa da iya hasashe, sai da ya share kayan da suka jibge masa na dala biliyan 2.2 daga lissafinsa a Afrilun 2001.

Cinikin EMC ya sauka daga dala biliyan 8.9 a 2000 zuwa 7.1 a 2001, zuwa 5.4 a 2002, yayin da Hitachi da IBM suka matsa masa da kaya masu rahusa. Hannun jarinsa da ya haura dala 100 a Satumban 2000 ya koma ƙasa da dala 5 a Oktoban 2002. Ma'aunin kasuwar Nasdaq gaba ɗaya ya faɗi daga 5,048 a ranar 10 ga Maris 2000 zuwa 1,114, kusan kashi 78 cikin 100. A duk tsawon wannan lokaci yawan bayanan da duniya ke ajiyewa bai daina ƙaruwa ba ko na wata ɗaya.

To ina ribar ta tafi?

Kaso mafi girma ya tafi aljihun masu amfani da kayan. Gigabayit ɗaya na faifai da ake saye wajen dala 10 a shekarar 2000 ya koma wajen santi 10 a 2010. In farashin hajarka yana faɗuwa haka, sai ka sayar da ninkin abin da ka sayar a baya kafin ka tsaya inda kake. Wani kason ya tafi ga waɗanda ba a sa su a lissafi ba. Cisco bai sayi Brocade ba, a 2002 sai ya fito da tasa na'urar mahaɗar ya shiga gasa da shi. iSCSI bai binne Fibre Channel ba, har yau bankuna da asibitoci suna amfani da shi. Amma Google da Amazon da Facebook, waɗanda suka zo suka tara bayanan da ba a taɓa tara irinsu ba, ba su bi ta wannan hanya mai tsada ba. Sun jera dubban kwamfutoci masu araha, suka rubuta manhajar da ke kula da su. A Maris 2006 Amazon ya fara ba da hayar wurin ajiya a kan santi 15 kowane gigabayit a wata, ƙananan kamfanoni da yawa suka daina sayen akwati kwata-kwata.

Kamfanonin kayan ajiyar da muka ambata ba su mutu ba, sun ci gaba da ƙera kaya masu kyau suna biyan albashi. Cinikin Emulex ya haura dala miliyan 400 a shekara, ninki uku na zamanin Jakob, amma da kamfanin Avago ya saye shi a 2015, kimanin dala miliyan 606 ya biya. Broadcom ya sayi Brocade a 2017 a kan dala biliyan 5.5. EMC, wanda darajarsa ta taɓa haura dala biliyan 200, Dell ya saye shi a 2016 a kan biliyan 67, a lokacin da cinikinsa ya kusa ninka na shekarar 2000 sau uku. Wanda ya saya a ƙololuwa ya riƙe shekara 15 yana haƙuri, ya yi daidai a kan buƙata, ya yi daidai a kan ingancin kamfani, bai kuma mayar da uwar kuɗinsa ba.

In labari ya iso maka

Hirar nan ta dawo. Yau sunanta ƙirƙirarriyar basira, kuma ana sake cewa a sayi masu diga da shebur, wato masu ƙera faya-fayai da ƙwaƙwalwar kwamfuta da wayoyin da ke haɗa manyan cibiyoyin bayanai. Buƙatar gaskiya ce, kamar yadda ta 1999 ta kasance gaskiya. Ƙarya kuma ta ƙara sauri: a Afrilun 2013 wasu suka kutsa shafin Twitter na kamfanin dillancin labarai na AP suka rubuta cewa an kai hari fadar shugaban Amurka, kasuwa ta zubar da fiye da dala biliyan 130 cikin 'yan mintoci kafin ta farfaɗo. Mai karatun da ya sayi hannun jarin bankuna a Nijeriya a 2007, ana ce masa ba sa faɗuwa, ya kuma ga abin da ya biyo bayan Maris 2008, ya san ɗanɗanon abin ba sai an kai shi Amurka ba.

Don haka in wani ya zo maka da maganar buƙata, ka yarda da shi in hujjarsa ta yi, sannan ka tambaye shi wa zai ci ribar wannan buƙata bayan masu gasa sun shigo, kuma nawa ake so ka biya a kan kowace naira ko dala ta cinikin yau. In labari ne ya faɗo wayarka cewa shugaba ya sauka ko wani zai sayi wani, ka nemi sanarwar a shafin kamfanin da kansa da na hukumar kasuwa kafin ka taɓa komai. In ba ta can, ka jira. Kada kuma ka sayi hannun jari da bashi, domin mai bashi ba shi da ikon jira, kuma awa uku na jira su ne suka raba waɗanda suka tsira da waɗanda suka ƙone a ranar Emulex.

Saura mutum ɗaya da muka riƙa ambata a gefe ba mu tsaya a kansa ba, wato manazarcin babban banki, wanda ke fitowa a talabijin ya ce a saya. Shi ba saurayi ne a ɗakin karatu ba, da sunansa da muƙaminsa yake magana, kuma jama'a sun fi yarda da shi fiye da kowace jita-jita. A Afrilun 2003 manyan bankuna 10 na Amurka sun amince su biya kimanin dala biliyan 1.4 saboda yadda sashen nazarinsu ya riƙa yabon kamfanonin da bankunan ke neman aiki a wurinsu. Wa ke biyan manazarci albashi, kuma yaya ake karanta rahotonsa, shi ne abin da za mu duba a babi na bakwai.